Kafaɗar Ƙanwata

A gidanmu da ke Unguwar Gabas a Sabon Gari babu abin kunya kamar raki, kuma ni ce mai shi. In ƙaya ta soke ni sai maƙwabta sun ji. Ƙanwata da ke bi na kuwa tun tana ƙarama ba a jin kukanta. Ranar da ruwan zafi ya zubo mata a ƙafa, leɓenta kawai ta cije, tana kallon Mama na shafa mata magani. Da Lahadi ta zo, bayan an tashi daga sujada, na ji Mama tana ba matan majami'a labarin, ta ƙare da cewa, "Wannan ita ce 'yata." Ina tsaye a gefenta riƙe da jakarta. Na ji haushi ranar, har yau kuma ban ce ya wuce duka ba.

Mama a ƙauye ta tashi, a gidan noma, kafin aure ya kawo ta Sabon Gari. Ta haife mu duka a ɗaki ba wanda ya ji muryarta, kuma mun sha jin wannan labari. Ma'aunin ciwo a wurinta ba shi da wuya. In mutum ya ci tuwo, ya miƙe da ƙafarsa, to lafiyarsa ƙalau.

Ƙanwata ta fara ƙwallon hannu tun a sakandare, da ta shiga jami'a a Samaru aka sa ta cikin 'yan wasan makaranta. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a nan Samaru, ɗaki ɗaya muke zaune. Wasanni ba su dame ni ba, amma nakan je kallonta. In ta yi tsalle ta ja hannun dama baya, mai tsaron raga tun kafin a saki ƙwallon take runtse ido. Ina zaune a benci sai in ji kaina ya kumbura, in riƙa gaya wa na kusa da ni cewa uwa ɗaya ta haife mu.

Ina wurin ranar da abin ya faru. Tana sama, hannun ya koma baya, wata 'yar wasa ta cafke shi. Da ta faɗo, kafaɗar ta sauka ƙasa da inda Allah ya ajiye ta. Ni na yi ihu. Ita ta zauna a ƙasa ta tallabe gwiwar hannun. A asibiti aka mayar da kafaɗar, aka rataya mata hannun a wuya, bayan wasu makonni aka tura mu wurin likitan gashin ƙashi.

Mutum ne mai haƙuri. Ya auna iya inda hannun ke kaiwa sama da gefe, sannan ya ɗauko wani kati mai fuskoki a jere, ta farko tana murmushi, ta ƙarshe tana hawaye. Ya ce sifili shi ne babu ciwo, goma shi ne ciwon da ya fi kowane ciwo.

"In na ɗaga hannun haka, nawa kike ji?"

"Biyu," in ji ta.

Ya ƙara ɗagawa. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, zufa ta tsattsafo a kan hancinta.

"Yanzu fa?"

"Biyu."

Na ce, "Likita, kada ka yarda. Ni nake zuge mata riga, ni nake taje mata kai. Ko bokiti ba ta iya ɗauka da hannun nan."

Ya ajiye katin ya dube ta. Ya ce hoto yana nuna masa ƙashi, awo yana nuna masa inda hannu ya tsaya, amma ba shi da na'urar da ke ganin ciwo. Abin da ta faɗa, da shi zai yi aiki. Ya roƙe ta ta ƙara hutawa ko da biyun gaskiya ne, domin in kafaɗa ta sake gocewa kafin naman ya kama, da wuya ta koma yadda take. Ta ce ta ji. Duk zuwan da muka yi bayan wannan, amsarta ba ta wuce biyu ba, ga kuma gasar makarantu tana matsowa.

A cikin keke, a hanyar komawa gida, na buɗe mata wuta. Na ce da hannunta take wasa, ba da likita ba. Ta bari na gama sannan ta ce, "Yaya, ba ƙarya nake yi ba. Ya ce goma shi ne ƙarshen ciwo. Mama ta haife mu a kan tabarma ko ƙara ba ta yi ba. In ni na ce bakwai a kan kafaɗa, ita nawa za ta ce?"

Na tsorata, domin na gane ba gasar kaɗai ke jan ta ba.

Da Asabar na je Sabon Gari, don mutum ɗaya ce za ta hana ta komawa fili ta hanu. Na tarar da Mama tana tsince shinkafa. Na zayyana mata komai, har da abin da likita ya ce.

"Tana cin abinci?"

"Tana ci, Mama."

"To ki bar ta. Ke kam ko ƙuda ya sauka a jikinki sai an kira fasto."

Na fito ko sallama ban yi ba. Da ƙafa na taka har unguwar PZ saboda baƙin ciki, na manta ma akwai abin hawa.

Ƙanwata ta koma fili. A gasar nan kafaɗar ta sake gocewa, daga baya ta riƙa fita ko da tufafi ta miƙa za ta shanya a igiya. Aka yi mata aiki. Kafaɗar ta daina fita, amma hannun bai sake wuce tsayin kunnenta ba, kuma ba ya komawa baya. Ta ba wata yarinya takalman wasanta. A gida ba wanda ya tayar da maganar. In an tambaye ta jiki ta ce da sauƙi, a ce Allah ya ƙara sauƙi, a wuce.

Shekaru suka tafi. Ta gama karatu, ta yi aure a Samaru, ta haifi 'ya mace. A gidan Mama ta yi wankan jego, inda hannuwa suka yi yawa har ba a lura da komai ba. Sai da ta koma ɗakinta, yarinya ta yi ƙwari ta isa goyo, sannan wata safiya ni da Mama muka je dubo su ba tare da mun sanar ba.

Ƙofar a buɗe take, labule ya ɗan ja gefe. Ƙanwata ta kwantar da yarinyar a bakin gado, ita kuma ta tsuguna ta ba ta baya. Gefen zani ɗaya yana haƙoranta. Da hannun hagu take jawo yarinyar zuwa bayanta, na dama yana ƙoƙarin zagayawa ya tare ta, ya je rabi ya tsaya. Zanin ya zame, yarinyar ta sulale kan katifa ta fasa kuka. Ƙanwata ta share zufa da gefen hannu ta sake tsugunawa. Daga baya muka ji cewa kullum sai ta jira mijinta ko wata maƙwabciya ta ɗora mata, in babu kowa ta yini da yarinya a kwankwaso, tana girki da hannu mai ciwo.

Mama ta ɗaga labule ta shiga. Ta ɗauki jikarta ta jijjiga ta har ta yi shiru. Sannan ta juyo gare ni.

"Lissafin nan na likita, daga nawa zuwa nawa kika ce?"

"Daga sifili zuwa goma, Mama."

Ta dubi ƙanwata, wadda ke tsugune har yanzu. "Faɗa mini naki."

"Da sauƙi, Mama."

"Ba gaishe ki na yi ba. Tambayanki na yi."

Ƙanwata ta ce, "In na kai shi baya, takwas."

"Tun yaushe?"

"Tun ranan farko."

Mama ta zauna a bakin gadon kamar wadda ta dawo daga gona mai nisa. Ban taɓa ganin tsufanta ba sai ranar. Ta ce, "Ranan da na haife ki, goma ne. Uwar mijina tana bakin ƙofa tana saurare, shi ya sa na cusa zani a baki. Da na sani da na faɗa miki."

Ta miƙe ta ce ƙanwata ta sunkuya. Ta ɗora mata yarinyar a baya, ta yafa zanin, ta zagayo da shi ta ƙarƙashin hammata a hankali, tana kaffa-kaffa da ɓangaren dama. Ta ɗaure sama, ta tura ƙasan a ƙarƙashin yarinyar, ta kawo majanyi ta ƙulla. Tana cikin ƙullawa ƙanwata ta fara kuka, kuka mai murya, irin nawa, wanda ya fita ta taga ya cika tsakar gidan haya. Mama ba ta ce ta yi shiru ba.

Maƙwabciyar ta taho da sauri, hannunta duk kumfar wanki, ta tsaya a bakin ƙofa tana tambaya ko lafiya. Na buɗe baki zan ce lafiya lau, Mama ta riga ni.

"Ba lafiya ba," in ji ta. "'Yata ce kafaɗanta ke ciwo. Ya daɗe yana mata ciwo."