Tarin mai rufaffiyar fuska

Sai a shekararmu ta huɗu a Kuala Lumpur na taɓa shiga silima, shi ma don Abban yara yana fama da rubutun digirinsa ne. 'Yata ta fari, mai shekara goma sha uku, za ta kallon fim ɗin Koriya da ƙawayenta biyu 'yan ƙasar, iyayensu kuma suka ce sai da babba.

Tun a jirgin ƙasan da muka hau daga tashar Titiwangsa ta ja min kunne da guntuwar Hausarta. "Umma, don Allah banda magana." Ta san hali. A gida in ana kallo ni ce mai ce wa jarumi ya waiga. Na yi alkawarin ba zan kunyata ta ba.

Aka kashe wuta. Ga maza da gashi har gadon baya suna gudu a kan ganyen gora, takobi na aman shuɗiyar wuta. Fassara layi uku a ƙasa, kafin in haɗa baƙi biyu ta wuce. Wanda aka binne ɗazu sai ga shi yana shan shayi, har ya ƙara ƙuruciya. Mutane ne, aljanu ne, oho.

Sai na bar wa kunne aikin. Jarumar tana da tsohon malami mai koya mata faɗa, kafin ya yi magana sai ya yi ɗan tari sau biyu, irin na mai naman da nake saye wurinsa a kasuwar Chow Kit. Can mai rufaffiyar fuskar da ya kashe ubanta ya zo zare takobi, ya yi tarin nan sak.

"Ai malamin nan ne," na ce. Wallahi na ɗauka a zuci na faɗa. Layin gabanmu duk suka juyo.

"Umma, malamin ya mutu tun ɗazu," in ji ta, ta cikin haƙora.

"To ke 'yar nan, waye a cikinsu bai mutu ya dawo ba?"

Ta nutse a kujera. Kunya ta kama ni, na ce zan je sallar la'asar, na fita ban koma ba.

Ina zaune a benci suka fito. Ƙawayen suka yo kaina suna ta zuba, "makcik" kawai na tsinta, wato gwaggo. 'Yata na bayansu tana murɗa bakin hijabi.

"Wai ta yaya kika sani?"

"Na san me?"

"Shi ne."

"Ba kin ce ya mutu ba?"

"Ya mutu. Amma ba shi ba ne ya mutu."

Har muka sauka daga jirgi tana warware min, Hausar na tuntuɓe, ni kuwa ina ƙara dulmiya. A bakin ƙofa ta ce in an sake zuwa in zauna kusa da ita, amma a kunne zan faɗa mata.