Sunan da Sista Damaris ke fara kira

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana. Ku ce ta zo mu ji ta, sai dai wannan ba ta Gizo ba ce, mai ita tana nan da ranta a Sabon Tasha.

Kullum ƙarfe bakwai da rabi Sista Damaris Shekari za ta iso asibitin unguwarmu, ta jera katunan marasa lafiya, ta tsaya bakin ƙofar likita ta ɗaga murya: "Theresa Boniface!" Shiru, sai ƙarar fanka. Ta ɗan dakata, sannan ta kira na farko a layi.

Ranar da na fara ji, na je awon hawan jini ne. Ai na san Theresa, mai busasshen kifi ce a kasuwa, da ni aka binne ta. Sau huɗu ta zo asibitin nan hammata na mata ciwo, sau huɗu aka sallame ta da ƙwayoyi. Ga takarda manne a bango: macen da ta kai arba'in, ko wadda aka taɓa sankarar mama a danginta, a duba mata mama. Ba wanda ya duba. Ko da aka gano sankarar mama ce, ciwon ya riga ya ci jiki.

Da kunnena na ji Dokta Benson yana cewa, "Sista, don Allah ki daina kira mana matattu. Mutum tamanin ke jirana, yaushe zan bi wata takarda?"

Ta ce, "Likita, wurin duba mama a katinta har yau fari fat. Ka fara cike na masu rai, in bar ta ta huta."

Shekara biyu ana haka. Wata Talata da damina, hadari ya rufe gari, ta kira kamar kullum. Daga bencin baya aka ce, "Na'am."

Muryar Theresa sak! Ta kusa da ni ta ce "Yesu!" ta damƙe mini hannu. Wata mace ta miƙe, tsayin Theresa, ɗaure da zanen da Theresa ke zuwa coci da shi. Ashe Peace ce, 'yarta, ta taho daga Rido da tari. Ta ji sunan uwarta, baki ya riga ta amsawa.

Likita ya fito. Sista ta ce, "To, ga ta ta dawo karo na biyar. Maganin tari za ka ba ta?"

Ya shiga da Peace ya duba mata mama, Sista na tsaye a gefe, ya taɓo ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa. Ranar ya tura ta babban asibiti.

Ke ce, Damaris, uwar masu layi, kika yarda a ce kin taɓu don kada a sake binne wata da farin kati. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku kuma 'yan baya masu farar riga, ku koyi nacinta. Mata, in likita ya manta, ku tuna masa.

An yi wa Peace aiki, tana nan tana sayar da kifi a rumfar uwarta. Dokta Benson ba ya sallamar mace sai ya cike wurin duba mama a katinta. Sista za ta yi ritaya watan gobe, katin Theresa kuwa ta mayar da shi cikin kabad.