Hular da Aka Gyara Mini

A shekarun farko da gwamnati ta koma Abuja, muna zaune a wani gidan haya a Suleja, yawancinmu baƙi daga Zariya da Kano. Da mazanmu sun bi motar asuba sun tafi aiki, mu kuma mun gama shara da wanke-wanke, sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kowa ta ɗauko hularta da allura. Babbarmu wata Bazazzagiya ce, Yaya muke ce mata. Ita ta koya mini riƙe allura, ita ke zana mana hula kafin mu bi da zare.

Zanenta bai wuce kala uku zuwa huɗu ba, kullum su muke maimaitawa. Ni kuwa na gaji. Wata rana da damina muna dawowa daga Gauraka na ga yadda ruwa ya bar layuka baƙaƙe a jikin Dutsen Zuma, wani dogo, wani gajere, wani ya karkace. Na dawo na zana abina da kaina, na nemo zare baƙi da ruwan toka da ɗan ja. Ina ɗinki ina jin daɗin da ban taɓa ji ba.

Yaya ta karɓa ta juya, ta ce, "Ƙanwata, layukanki ba su daidaita ba."

Na ce, "Haka nake so, Yaya."

Sauran matan suka yi dariya, suka ce sabon shiga ba ya yarda ya yi kuskure.

Na kai rabi sai ƙanwar maigidana ta haihu a Lambata, na tafi zaman suna. Da na dawo, tun kafin in ajiye jaka Yaya ta tarye ni da fara'a, ta miƙo mini hula a ninke. Ta warware duk abin da na ɗinka, ta sake zane, matan gidan suka karɓa bi da bi har suka gama. Layuka sun miƙe tsaf, babu wanda ya fi wani.

"Mun ce kada ki dawo da gajiya ki tarar da aiki," in ji ta. "Har yatsana ya kumbura wajen warwara."

Dukansu sun zuba mini ido suna murmushi, ga yatsan Yaya ɗaure da tsumma. Na durƙusa na ce, "Na gode, Allah Ya saka da alheri." Na shiga ɗaki na zauna bakin gado ina huci.

Da yamma na nuna wa maigida, na kwashe labari na faɗa masa. Ya sa hular, ya duba madubi, ya ce, "To ai ta yi kyau. Mene ne abin fushi?" Da ita ya je masallacin Juma'a.

Na sake gwada zanen daga baya, a ɗaki, ƙofa a rufe. Bai fito kamar na farko ba.