Suma ko Mutuwa

Ranar kasuwar Jega aka kira ni, ina tsakar gida ina tankaɗe. Yayana direba ne, albasar Aliero yake kaiwa Kudu, kuma lambarsa ce ta fito. Sai dai muryar ba tasa ba ce. Wani mutum ne yake zuba Turanci kamar tsakuwa a kwano, abin da na iya tsinta kawai shi ne "your brother" da "passed out". Kafin in ce uffan layi ya katse. Na sake kira, waya a kashe.

Ni mai cika baki a gida cewa na yi sakandare a Maiyama, ranar na san Turancina bai taka kara ya karya ba. Malaminmu ya koya mana su biyu rana ɗaya, "passed out" da "passed away", ya ce ɗaya suma ce, ɗaya mutuwa. Na tuna rigarsa, na tuna allin da ke hannunsa, amma wacce ce wacce, kaina ya ƙi. Tsoro ya kama ni.

Inna tana gefe tana gyaran wake.

"Yayanki na? Mi yac ce miki? Shina lahiya?"

Na ce mata sabis ne ba kyau. Ta dube ni, ta ajiye waken.

Na zura hijabi, na tare ɗan kabu-kabu sai Aliero, wurin mai albasar, don shi ke da lambar dillalinsa na can. A hanya ina ta juya kalmomin. "Away" nisa ne, wanda ya yi nisa kuwa ba ya jin kira. To amma "out" fita ne, kuma rai fita yake yi. Duk wadda na ɗauka sai ta kai ni maƙabarta.

Mai albasar ya kira dillalin, suka yi magana, ya miƙo mini wayar. Yayana ne, murya a shaƙe. Zafin rana ne ya kayar da shi wajen sauke kaya, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Har da yi mini faɗan me ya kai ni Aliero.

Da na koma gida na tarar Inna ta share zaure, ta shimfiɗa tabarmi, ta aro butoci a maƙwabta.

"Ban iya Turanci ba, ɗiyata, amma na iya huskarki," in ji ta.

Na ce mata suma ce, yana nan da ransa, na ji muryarsa. Ta zauna a kan tabarmar da ta shimfiɗa wa masu gaisuwa, sannan ta fara kuka.