Jimlar da Malam Garba ya soke

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Garba makwancinsa a Tambuwal. Shi ya koya mana Turanci a sakandare, kuma in tsoffin ɗalibansa sun haɗu, kafin a tuna bulalarsa sai an tuna wata jimla da yake ƙauna: wadda Bature ke juyawa, ya fara da tsananin abu, ya biyo da mai abin, sannan ya faɗi abin da tsananin ya jawo. Malam yakan rubuta ta a allo a natse, ya ja da baya yana kallonta kamar wanda ya karɓo ɗinki daga tela.

Amma yana da ƙa'ida. Sau ɗaya a takarda, kuma abin da ka ce ya faru, ya zama ya faru ɗin.

Da aka tura ni koyarwa Kebbe, na rubuta takardar neman a dawo da ni kusa da gida, na kai masa ya duba, kamar yadda kowa ke yi a lokacin. A tsakiya na dasa jimlar tasa, cewa ciwon mahaifiyata ya tsananta har ba ta iya tashi. Ya karanta sau biyu.

Ya ce, "Sani, ginin jimla ya yi. Tashi mu tai mu gaishe da Inna."

Muka hau babur ɗinsa har garinmu Jabo. Muka tarar da ita tsakar gida tana sheƙar gero tana faɗa da kaji. Ta ce, "Malam, lafiya da rana tsaka?" Ya ce lafiya lau, hanya ce ta biyo da shi. A zaure ya zaro jan biro ya soke layin, ya rubuta cewa ta tsufa kuma ganinta ya fara rauni. Gaskiya ce tsagwaronta, kuma ba ta motsa kowa a ofis ba. Na ƙara shekara biyu a Kebbe. Ina can Inna ta rasu, da damina. Kafin in fita daga taɓon hanya an riga an yi jana'iza.

Ban taɓa yi masa maganar ba, shi ma bai ɗauko ta ba. Kwana uku a jere yana zuwa ta'aziyya.

Yau waya ce ke rubuta wa matasa takardu, kuma ta iya juya jimlar nan ba kuskure. Da yana raye, ina jin zai yaba tsarin, sannan ya tambayi wayar ko ta je ta gani da idonta.

Yanzu ni ake kawo wa takardu. A zangon da ya wuce wata sabuwar malama ta kawo tata, tana neman canjin wuri saboda mahaifinta a Dogon Daji. Ga jimlar nan a tsakiya, tsaf. Babur ɗina na ƙofar makaranta, da mai a ciki. Na gyara mata waƙafi biyu, na ce ta hanzarta kai wa ofis kafin a tashi.

Allah Ya jiƙan Malam Garba. Na san da shi ne, da ya je.