Hannun da Ya Saba da Igiya

Duk inda na shaƙi ƙaurin walda, sai in koma ranar da ba na so in tuna. Shekaranjiya na kai motata gareji a Nassarawo, wani yana liƙa salansar mota a gefe, hayaƙin ya bugi hancina, sai ga ni ɗan shekara goma sha takwas, riƙe da sitiyari, bishiyar mangwaro tana tahowa kaina a guje. Ku yi haƙuri da bakina. In ban zuba wa labarin nan ɗan barkwanci ba, ba zan iya kai shi ƙarshe ba.

Shan-inna ta kama ni ina shekara uku. Ta ɗauke ƙafar dama, ta bar mini ta hagu, don kada a ce ba ta da tausayi. Ƙafar daman nan har yau in na ga dama sai in rataya ta a wuya, ku rantse rawani ne.

Gidanmu yana can ƙasan Lamorde, kusa da mayo, wato kogin garinmu. Baba direba ne, yana da a-kori-kura fara guda ɗaya, tsohuwa, wadda ko kajin unguwa sun san tarinta. Ita ke sauko da masara da wake daga ƙauyukan kan dutse, ita ke ciyar da bakuna tara. A tasharsu ba a ɓata yawu: in aka bugi jikin mota sau ɗaya, tsaya ke nan, in aka buga sau biyu, hanya ta yi kyau, mu je. Baba ya kawo wannan ɗabi'a har gida. In tuwo ya yi masa daɗi, sai ya bugi akushi sau biyu, Dada, mahaifiyarmu, ta san ƙari ake nema.

Amma wanda ya fara raba ni da ƙasa shi ne Kaka, mahaifin Dada. Yana da keken shanu da bijimai biyu, yana ɗebo yashi daga mayo. Ina shekara bakwai ya same ni ina jan gindi a ƙofar gida, ya sunkuce ni kamar buhun gishiri ya ɗora a kan keken, ya danƙa mini igiya.

"Riƙe, ɗan nema. Wanda ke bisa keke ba a tambayarsa ƙafa."

Karatun gajere ne. Ka saki igiya, shanu su tafi; ka ja, su tsaya. Shekara goma na yi ina wannan. Na san ƙamshin fatar sa in ruwan farko ya jiƙa ta, na san yadda yashin mayo ke yin sanyi a ƙasa ko da rana tana dafa ƙwai a sama. In yaro ya gifta, ko maciji ya ratsa, kafin idona ya gama gani hannuna ya riga ya ja. Daga can sama nakan leƙo tsakiyar kan masu ƙafa biyu, in ji ba wanda ya fi ni a Mubi in ba mai jirgin sama ba.

Wata bazara, lokacin da mangwaro ke faɗowa da kansa, Baba yana alwalar la'asar sai buta ta suɓuce masa. Kafin a ɗaga shi, ɓarin jikinsa na dama ya tafi, magana ta bi shi. Mutumin da muryarsa ke tsayar da tasha ya koma sai ido. Motar ta zauna a ƙofar gida wata biyu, tayoyi suna sacewa, kaza ta yi ƙwai a mazaunin direba. Tuwon gidanmu ya rage tsawo har ana hango gindin akushi tun kafin a sa hannu.

Sai Bappa, yayan Baba, ya tara mu. Ba mugu ba ne, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai ganin abin da ke gabansa kawai. Ya ce mota in ta zauna ruɓewa take, in an ba bare kuma sai ya dawo da sitiyari kaɗai. Za a sayar, a ci abinci, a kafa mini tebur a ƙofar gida da alawa da ashana.

Ba raina sana'ar kowa nake ba. Amma ni na san ƙofar gidan nan, daga nan Kaka ya tsince ni. Na ga kaina a zaune a wurin har furfura, ina korar ƙuda, ina kallon gwiwoyin mutane suna wucewa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Bappa, ni zan tuƙa ta."

"Da wace ƙafar? Ta aro?"

Dada ta sa baki, Kaka ya yi gyaran murya, aka ba ni zuwa ranar kasuwar shanu ta biyu, ranar da mai saye zai zo.

Akwai maƙwabcinmu mai walda, Kirista, wanda Hausarsa ba ta san mace ba. A wurinsa har uwarsa "shi" ce. Ya taɓa ganin motar wani likita gurgu a asibitin mishan, ya ce abin yana nan a kansa kamar hoto. Ya samo hannun tsohuwar garma da guntun bututun ruwa, ya kwana biyu a ƙarƙashin sitiyari, ƙaurin walda ya cika unguwa. Ya fito da sanda guda ta ƙarfe a gefen hagu, haɗe da totur da birki. Kuloci kuwa ƙafata ta hagu za ta ji da shi.

"Ka ja, mota ya gudu. Ka tura, mota ya tsaya. Haka na likita yake. Ko akuya zai iya."

Kwana shida ina koyo a filin makaranta. Canjin giya ne ya so ya kashe ni, don aikin hannu uku ne, ni kuwa biyu aka ba ni, sai na riƙa tallafar sitiyari da tumbi. Ba ni da tumbin tukuna a lokacin, amma na yi alkawarin nemowa, kun ga kuma na cika. A rana ta shida ina zagaya filin kamar an haife ni a ciki. Ina tafe ina maimaitawa kamar hadda: ja gudu, tura tsaya.

Ranar gwaji aka fito da Baba a kujera, aka ajiye shi a gindin mangwaron ƙofar gida don ya gani. Bappa na tsaye, unguwa ta fito har da masu jego. Na taho daga bakin layi a giya ta biyu, ina ɗaga wa mutane gira. Sai wani ɗan maraƙi ya tsinke daga bayan zana ya faɗo gabana.

Haddar ta gudu. Hannuna ya ja, da dukkan ƙarfin shekara goma, har da tsawar da nake yi wa bijimai. Motar ta yi kururuwa ta zabura. Na kauce wa maraƙin, na ɗago ido, sai ga Baba a gabana, a zaune, ba ya iya ko karkata. Ina ƙara ja don ta tsaya, tana ƙara gudu. Ban san yadda na murɗa sitiyarin ba. Na ji ƙara, mangwaro ya zubo kamar ƙanƙara, injin ya mutu. Tsakanin bamba da gwiwar Baba, in ka sa tafin hannu sai ya cika wurin.

Ba wanda ya zage ni, da ma an yi. Bappa ya zura hannu ta taga ya zare makulli, ya ce a hankali, "Sauko, ɗana. Ya isa."

Kwana biyu na yi a ɗaki fuskata a bango. Ni da ko zazzaɓi bai taɓa raba ni da tuwo ba, aka shigo da kwano aka fita da shi yadda yake. In na rufe ido, idon Baba nake gani ta gilashi. Ta taga kuma ina jin kafinta yana buga ƙusa: teburina ake haɗawa. Kowace ƙusa kamar a ƙirjina ake kafa ta. Na roƙi Allah abubuwan da ba zan faɗa muku ba.

A rana ta uku da hantsi Kaka ya shigo, mai walda na biye da shi kamar wanda za a yanke wa hukunci. Kaka ya jefa mini igiyar shanu a cinya ya ce in riƙe masa, ɗaya bakin na hannunsa. Ya zauna yana ba mai walda labarin tsadar dusa, har na manta da abin da ke hannuna. Kwatsam ya daka tsawa:

"Yaro a gaba!"

Na fizgi igiyar har Kaka ya kusa kifawa. Ya juya ga mai walda yana haki.

"Ka gani? Likitanka bai taɓa kiwon sa ba. Hannun nan shekara goma yana ja in zai tsaya, kai kuma ka ba shi kwana shida ya manta. Tsakanin hannu da ƙarfe, wanne ya fi saurin lanƙwasuwa?"

Mai walda ya dafe kai. "Wayyo, Kaka. Ni ne ya juya yaron."

Kafin azahar ya sauya mahaɗin sandar: ja birki, tura totur. Sai dai makulli na aljihun Bappa, mai saye kuma gobe zai zo. Muna tsaye cirko-cirko a tsakar gida, sai muka ji ƙarar ƙarfe a ƙasa. Baba ne, daga kan tabarmarsa. Da hannun hagu ya tuɓe hularsa, ya zaro makullin ajiya da ya shekara ashirin a cikin naɗinta, ya wurgo mini. Sannan ya nuna kujerarsa, ya nuna gindin mangwaro.

Dada ta fashe da kuka, ta ce sai dai a bi ta kanta. Aka kira Bappa, ya zo da gudu takalmi a hannu.

"Kai mahaukaci ne? Jiya-jiya Allah ya tsamo ka!"

Baba bai ko dube shi ba, yatsansa na nan a miƙe. Ƙarshe dai aka ɗauke shi aka ajiye a daidai inda yake ranar, saɓar da bamba ta yi wa bishiyar tana bayan kafaɗarsa. Ya ɗago hannu ya yafuto ni.

Kada wanda ya gwada wannan a gidansu; mu ma hauka ce da rashin mafita. Na taho daga bakin layi, gumi na shiga mini ido. Baba yana ƙara girma a gilashi. Ba hadda a kaina ko ɗaya, ba komai sai tsoro. Na bar hannun ya yi abin da ya sani. Ya ja. Motar ta durƙusa ta tsaya cik, kamar bijimin da ya ji muryar mai shi.

Baba ya miƙa hannun hagu, da ƙyar ya kai kan bonet. Ya buga sau biyu.

Bappa ya juya yana share fuska da hannun riga, ya ce ƙaiƙayi ne ya shiga masa ido. Teburin kuwa Dada ta mayar da shi wurin kife kwanuka.

Yau shekaru sun tafi. An sare mangwaron an gina shagon cajin waya, keke napep ya kori keken shanu daga hanyar mayo, Baba da Kaka da mai walda duk sun riga mu. Motata ta yanzu da kanta take canja giya, sandar hannu kuwa a kwali ake sayar da ita, mai ƙyalli, ba sai an yanka garma ba. Kowacce na saya sai na sa an juya ta. Shekaranjiyan nan ma bakaniken ya leƙa ya ce, "Alhaji, wannan abin naka a juye yake, in gyara?" Na ce masa ya bar shi, shanu ne suka ɗaura.

Da ya gama aikinsa ya rufe bonet, ya ɗan buga shi sau biyu, yadda suke yi ba tare da tunani ba. Na daɗe a zaune ban tayar da motar ba, har ya zagayo ya tambaye ni ko batir ne.