Muryar da Na Bayar Haya

Assalamu alaikum, 'ya'yana. Ba zan faɗi sunana ba. Ba kaina nake karewa ba, ina da 'ya, kuma ta riga ta sha abin da ta sha saboda ni. Sunayen mutanen da za ku ji a nan ma na canza su. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya, sai ku yi haƙuri da shi.

Ni mutuniyar Kura ce. Sana'ata turara shinkafa. In sayi shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a hannun manoman rani, in jiƙa, in turara a rabin duro, in shanya a kan tamfol, in kai inji. Maigidana, Allah ya jiƙansa, tumatir yake nomawa ta wajen Kadawa. Bayan rasuwarsa da wannan duro na riƙe yara. Ba mu yi arziki ba, ba mu kuma kwana da yunwa ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya yi mini uzurin da ban cancanta ba.

Abu ɗaya aka san ni da shi a unguwa, ba na ɗaga murya. In mata sun yi faɗa ni ake kira. 'Yata ta fari, Jummai, takan ce ko zazzaɓi take yi, in na yi mata magana sai ta ji sauƙi. Kullum in za ta makaranta nakan ce, "Allah ya yi miki albarka, ya tsare hanya," ta ce amin.

Ina da ɗan wa, Sagiru, mai gyaran waya a kusa da tasha. Daga baya ya fara saro kwamfutocin hannu daga Kano, irin waɗanda aka taɓa amfani da su. Ya ɗauki hotonsu ya sa a intanet, wanda ya saya ya aika masa ta hannun direba. Yawancin masu saye ɗalibai ne na wasu garuruwa.

Wata rana da hantsi ina juya shanya ya shigo da wayarsa a hannu.

"Gwaggo, mutanen nan ba sa yarda da ni. Da sun ji muryar saurayi sai su ce ɗan damfara ne. Ki taimaka ki yi wa wannan mai sayen magana, ki ce kayanki ne."

Na ce, "To ai ba kayana ba ne."

Ya yi dariya. "Kayan ɗanki ai kayanki ne. Kuma kwamfutar lafiyarta ƙalau, ga ta nan."

Gaskiya ne, lafiyarta ƙalau. Ya danna, na yi magana: "Ɗana, ka kwantar da hankalinka. Ni uwa ce, ina da irinka a gida. Kayanka zai iso lafiya. Allah ya yi maka albarka." Ban gama juya shinkafar ba yaron ya turo kuɗi. Da yamma Sagiru ya aiko mana da balangu. Yara suka ci suna murna, ni ma na ci.

Daga nan ya raɗa mini suna a shafinsa, Hajiya Mai Kwamfuta. Ban taɓa zuwa Makka ba, ban kuma san inda ake kunna kwamfuta ba. Ya ce masu saye suna son ganin sunan mace a asusun da za su tura kuɗi, muka je banki na buɗe da sunana da hotona, na ba shi katin.

Ƙaryar farko ƙarama ce. Ya ce in faɗa wa wani batirin yana wuni, alhali da an zare caja take mutuwa. Na ce a raina batir ne kawai, zai canza. Sai kuma wadda aka yi wa dabara ta kunnu sau ɗaya don a ɗauki hoto. Sai ranar da na ga yana naɗe tayil biyu, irin na daɓen ɗaki, cikin tsohon zani, yana sawa a kwali, yana ɗagawa da hannu don ya ji nauyin ya yi daidai.

Na ce, "Sagiru, wannan fa?"

"Na ɗan lokaci ne, Gwaggo. In kaya sun iso zan aika musu na gaske."

Na san ƙarya yake. Na koma bakin murhu na gyara wuta. Ana tambayata me na ji a ranar. Ban ji komai ba.

Zan gaya muku yadda aikin yake, domin har yanzu ana yi. Ba wayo muka fi yaran nan ba. Tarbiyyarsu muka kama su da ita. In yaro ya ce a kira shi ta bidiyo ya ga kwamfutar a kunne, sai in ce, "Haba ɗana, ni da na haifi kamarka?" Sai ya ba ni haƙuri. In ya ce zai biya bayan kaya sun iso, sai in ce wani ya riga shi nema, amma shi na ajiye wa don na ji yana da ladabi. Dabara ta ƙarshe kuma ni na ƙirƙiro ta, ba Sagiru ba. Nakan ce, "In ka karɓa kada ka buɗe a tasha, ɓarayi sun yi yawa. Ka bari sai ka shiga ɗaki." Suna yi mini godiya a kan wannan shawara. Kafin su buɗe direba ya juya, mu kuma mun cire layi.

Akwai wata yarinya da ta same ni kafin a cire layin. Ta taɓa gaya mini albasar mahaifinta aka sayar aka ba ta kuɗin. Sai da ta gaishe ni, ta tambayi yara, sannan ta ce, "Hajiya, tayil na gani a ciki. Ko kuskure aka yi wajen ɗauka?" Na ce, "Bari in bincika, 'yata." Na miƙa wa Sagiru wayar, na je na sa wa miya gishiri.

A cikin wannan hali Jummai ta samu makarantar koyon aikin lafiya a Kano. Sagiru ya kawo mata kwamfuta mai kyau, ta gaske. Na ce mata shinkafa ce ta yi kasuwa bana.

Wata rana a tsakiyar mako, ba hutu ba, ta yi sallama bayan azahar. Ba ta cire hijabi ba. Ta zauna a bakin tabarma, ta ajiye wayarta tsakanina da ita, ta danna. Na ji kaina ina cewa, "Ni uwa ce, ina da irinki a gida. Allah ya yi miki albarka, ya tsare hanya." Wata da aka cuta ce ta yaɗa saƙon a tsakanin ɗalibai don su yi hattara, yana ta yawo har ya iso makarantarsu.

Ta ce, "Umma, a ajinmu aka kunna. Ana ta kwaikwayonki. Wata ta ce wallahi muryar kamar ta mutanen kirki."

Na ce, "Kin ce musu wani abu?"

"Na ce ban san ta ba."

Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Ta ciro kwamfutar daga jaka da cajarta, ta ajiye kusa da duro. Na raka ta zaure. Bakina ya saba, na ce, "Allah ya yi miki albarka, ya tsare hanya." Ta tsaya kaɗan, ta gyara jakarta, ta fita ta tari adaidaita.

Na gaya wa Sagiru na daina. Ya ce ba komai, tsofaffin saƙonnin da ke wayarsa sun ishe shi. Ban iya karɓe muryata daga hannunsa ba, katin ma ban karɓa ba. Da 'yan sanda suka zo, sunana da hotona suka biyo daga banki. Shi ya riga ya bar gari, har yau ba labarinsa. A kotu aka kunna saƙonnin, alƙali ya ce muryarki ce? Na ce tawa ce. Aka sayar da gonar maigidana aka biya waɗanda suka kawo ƙara, aka kai ni gidan yari.

Ba ni da wani dogon labari a kan gidan yari. Ana tashi, ana ƙirga mu, ana kwanciya. Ƙanwata ta kwashe ƙananan yaran zuwa Bunkure. Ita ke kawo mini sabulu da gari, ta ce Jummai ce ta bayar. Jummai ba ta zo ba. Ban tambayi dalili ba.

Da aka sake ni na tarar duron ya yi tsatsa ya ɓule. Na nemi wani duron na ci gaba. Wasu matan suna amsa gaisuwata, wasu ba sa amsawa. In na wuce bakin inji akwai masu cewa a hankali, "Ga Hajiya Mai Kwamfuta." Na tuba ga Allah, ina kan tuba. Amma haƙƙin mutane daban ne, kuma yawancinsu ban san ko sunansu ba. Yarinyar albasa ba ta cikin waɗanda suka kai ƙara.

'Ya'yana, in za ku sayi kwamfuta a wurin wanda ba ku taɓa gani ba, kada ku tura kuɗi saboda daɗin baki. Ku ce a kira ku ta bidiyo, a kunna ta kuna gani, a zare caja ku ga ko za ta tsaya. Ku tambayi inda shagon yake, ku tura ɗan uwa ya je ya taka ƙafarsa. In an ƙi yarda ku biya bayan kun gani, ku haƙura. In araharta ta yi yawa, ko ana cewa ku yi sauri wani zai riga ku, ku haƙura. In kaya sun iso, ku yage kwalin a tasha a gaban direba, kowa na kallo. Tambaya ba rashin kunya ba ce, ko da mai sayarwar ta haifi kamarku. Wadda take da gaskiya ba za ta ji haushi ba.

Ku kuma da wani zai ce ku ara masa asusu, ko suna, ko murya, na sau ɗaya kawai, kada ku bayar, ko ɗan ɗakinku ne. Ni ma sau ɗaya aka ce mini, kuma a ranar kayan na gaskiya ne.

Jummai ta gama makaranta, tana aiki a wani asibiti ta wajen Kumbotso. Tana aiko wa ƙannenta da kuɗin makaranta. Bayan fitowata na tura mata saƙon murya. Ta amsa a rubuce: "Umma, ki riƙa rubutowa." Shi ya sa kowace safiya, kafin in hura wuta, nakan zauna in danna harafi ɗaya ɗaya in rubuta mata addu'ar nan. Ina ganin alamar ta karanta. Amin ɗin bai zo ba tukuna. Gobe ma zan rubuta.